Asuwaki ko buroshi?

A rangadinmu na ajujuwan yaƙi da jahilci tsakanin Dakwaro da Kornaka, wani dattijo ya tambaye mu: "Malam, wanda ba shi da kuɗin buroshi fa?" Sai muka zaro asuwakinmu daga aljihu.

Mun gwada duka biyun. Buroshi da mansa suna da kyau, amma bayan wata 3 bakinsa yakan baje, sai a sake wani. Reshen dogon yaro kuwa kyauta ne. Littafin David Werner na kiwon lafiya a ƙauyukan da babu likita ya yarda da itace da ɗan gishiri. A tauna bakin itacen ya yi laushi, a goge safe da dare. Kada mutum biyu su haɗa guda.

Sukari shi ne ɓarawon haƙori. Mu kanmu shayi ya ci mana matauni ɗaya.

Iyaye mata, ku riƙa duba bakin yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman ramammu. In dasashi ya kumbura, yana jini da wari, ku kai yaro asibiti ran nan. Ciwon noma yakan cinye kunci cikin kwanaki kaɗan.