Gaɓar Teku Ta Fi Tsakiyarta Haɗari

Wanda bai saba da teku ba zai ɗauka cewa idan iska ta tashi, mafitar ƙaramin jirgin ruwa ita ce ya nufi tudu. Matuƙan jiragen da iska ke turawa a kudancin Ingila sun san ba haka abin yake ba. A tsakiyar teku jirgi yana da fili, taguwar ruwa ta ɗaga shi ta sauke shi. Kusa da gaɓa kuwa ruwa ba zurfi, sai taguwar ta tsuke, ta miƙe tsaye, ta karye a kan jirgin. In kuma iskar tana busowa daga teku ne zuwa tudu, to duwatsu take tura shi.

Tsinin Portland, a yankin Dorset, shi ne misalin da kowane matuƙi a can yake tsoro. Ƙasa ta kutsa cikin teku, don haka lokacin cikowar ruwa da janyewarsa, ruwan yana matsuwa ya wuce da gudu. Idan iska ta zo daga gaba ta ci karo da wannan gudun, teku sai ta hargitse ko da sama garau take. Shi ya sa ake lissafin sa'ar wucewa tun kafin a kwance igiya.

Ƙarfin iska ana auna shi da ma'aunin Beaufort, wanda wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Da BBC ta sanar da mataki na 8 a hasashenta na masu jiragen ruwa, wato gudun kilomita 62 zuwa 74 a sa'a, mai hankali yakan rage faɗin ƙyallen da ke kama iska, ko ya zauna a tasha.

Zaman nan na tasha ba ɓata lokaci ba ne, kuma ni a ganina a nan ne ake koyon rabin sana'ar. A tashar Weymouth, idan wuri ya cika, jirage kan ɗaure a jikin juna. Mai son fita tudu yakan taka ta gaban jirgin maƙwabcinsa, ba ta inda masu jirgi ke zama ba, don kada ya keta musu sirri. Da yamma a ziyarci juna, a ɗora shayi, wanda ya fito daga yamma ya faɗi yadda ya baro teku, wani ya ara wa wani sifana. Gobe in ɗayansu ya yi kiran neman ɗauki ta tasha ta 16 a rediyon jirgi, wataƙila wanda suka sha shayi tare ne zai fara amsawa.

Amma tsakiyar teku ma tana da nata haɗarin: gasar tseren jiragen ruwa ta Fastnet ta watan Agustan 1979 ta nuna iyakar ƙarfin mutum. Jirage 303 suka tashi daga tashar Cowes, guguwa ta rutsa da su tsakanin Ingila da Ireland, 'yan gasa 15 suka rasu. Jirage 24 aka gudu aka bari, amma 5 ne kawai suka nutse. Wasu daga cikin mamatan sun bar jirginsu ne suka shiga kwale-kwalen roba na ceto, daga baya aka tsinci jirgin yana yawo a kan ruwa. Tun daga lokacin ake koya wa matuƙa kada su rabu da jirgi sai sun tabbata nutsewa yake yi.