Abin da ke hana manhajoji karanta kundin sunayen ma'aikata

Sau da yawa idan ma'aikaci ya shigar da kalmar sirri a kwamfutar ofis, akwai kundin sunaye da ke tantance shi a bayan fage. Galibi ana magana da kundin ne ta tsarin LDAP, wanda aka faro a Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990.

Kowane kundi yana da jadawalin da ke fayyace irin bayanan da zai karɓa, kuma manhajoji da dama sai sun karanta shi kafin su gyara komai. A nan gizo ke saƙar. OpenLDAP na ajiye jadawalin a cn=Subschema, Active Directory na Microsoft kuwa a ƙarƙashin CN=Aggregate. Ƙa'idar RFC 4512 ta 2006 ta tanadi hanyar tambayar kundi inda nasa yake, amma manhajar da aka ɗaure wa adireshi guda takan dawo hannu rabbana.

Microsoft ma ba ta tsira ba: kundinta na kewaye wasu lambobi da alamar zance, saɓanin ƙa'idar, sai manhaja mai tsauri ta ƙi karantawa. Hukumar da ta sayi irin wannan manhaja ba gwaji, da kuɗin jama'a za ta biya gyaran ranar da ta sauya kundi.