Tsire da Balangu: Abin da Wuta Ba Ta Kashewa

A ƙasar Gobir, musamman Sabon Birni da Isa, fawa tsohuwar sana'a ce, kuma dabbobi sun daɗe suna shigowa ta kan iyaka daga wajen Maraɗi. Saboda haka abincin gaggawa na wannan yanki shi ne tsire da balangu, waɗanda matafiyi kan saya a tasha ya ci a tsaye. Galibin jama'a sun ɗauka cewa duk naman da ya hau tukuba ya tsarkaka. Ilmin halittu bai goyi bayan wannan zato gaba ɗaya ba.

Gaskiya ne, idan zafi ya ratsa tsakiyar tsoka har digiri 70, yakan kashe yawancin ƙwayoyin cuta, har da 'ya'yan tsila da ke ɓuya a naman shanu. Matsalar tana farawa ne bayan an sauke. Mahauci zai taɓa kuɗi, ya yanka albasa, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a tsohuwar jarida, duk da hannu guda. A fatar mutum da hancinsa akwai wata ƙwaya mai suna Staphylococcus aureus, wadda kan sauka a kan naman ta wannan hanya.

Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin gabashin Sakkwato yakan haura digiri 40. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu kan ninka cikin minti 20, watau ƙwaya ɗaya tak tana iya zarce miliyan 2 cikin awa 7. Abin da ya fi muni shi ne, Staphylococcus takan zubar da guba a cikin naman, gubar kuwa ba ta jin wuta. Don haka tsiren da aka gasa da azahar, aka yi masa ɗumame bayan isha'i, zai iso hannun mai saye da zafi da ƙamshi, amma gubar tana nan. Cikin 'yan sa'o'i sai amai da murɗawar ciki da gudawa, a kuma ɗora wa ruwan rijiya laifi, ko a ce shawara ce.

Babba mai ƙarfi yakan murmure cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaro ƙarami da tsoho da mai juna biyu su ne ruwan jikinsu kan ƙare da sauri, kuma sau da yawa su ake kai wa tsarabar da ta wuni a aljihu.