Halowin: Me Ke Bayan Fuskar Dodon Da Muke Gani A TikTok?

Ƙarshen Oktoban bara, wata ƙawata a ɗakin kwananmu na makaranta ta shafe fuskarta da farar hoda, ta zana baƙin tozali har kumatu, ta ɗora bidiyo a TikTok. Kafin isha'i musu ya kaure. Wata ta ce wasa ne kawai, wata ta ce bikin shaiɗanu ne. Da na tambaye su inda abin ya samo asali, sai kowa ta yi tsit. Ni ma ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa na shiga bincike.

Labarin ya faro ne a ƙasar Ailan da yankin Sukotlan, wurin ƙabilun Kelt masu addinin gargajiya, tun kafin Kiristanci ya isa gare su. Suna da biki mai suna Samhain, ana furta shi "Sawin", wanda ke farawa daren 31 ga Oktoba. Lokacin an gama girbi, an dawo da shanu daga makiyaya, ana yanka wasu a adana nama, domin hunturu mai dogon dare na tafe. Sukan kunna manyan wutace a kan tuddai. Sun kuma yi imani cewa a wannan dare shingen da ke tsakanin duniyar mutane da ta ruhohi yakan buɗe. Al'adar ta daɗe a ƙauyukansu: a ajiye abinci da kujera saboda mamatan gida, a kuma ɓad da kama don kada mugun ruhu ya gane mutum.

To ina sunan ya fito? A ƙarni na 8 Fafaroma Gregory na Uku ya keɓe wani ɗakin ibada a Rum domin dukkan waliyyai, daga baya 1 ga Nuwamba ta zama ranarsu a cocin Yamma, 2 ga wata kuma ranar yi wa mamata addu'a. Halowin a tsohon Turanci na nufin jajibirin ranar waliyyai. Wato al'adu biyu ne suka haɗu a dare ɗaya.

Ita kabewa, Amurka ce ta kawo ta. A Ailan wata saiwa mai tauri suke fafewa su sa wuta a ciki. Da yunwar da ta faro a 1845 ta kori mutanen ƙasar fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetare, waɗanda suka sauka Amurka suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin fafewa. A ƙarni na 20 kamfanonin alawa da na fim suka karɓe ragamar, har abin ya iso wayoyinmu.

Tsakani da Allah, ba dodannin ne suka tsaya min a rai ba, kujerar nan ce da ake ajiyewa babu kowa a kai. Akidar ba tawa ba ce, amma kewar na san ta. Kakata ta rasu ina aji biyu, kuma sai a daren na lura na yi watanni ban ambace ta a addu'a ba, alhali kullum ina kan waya. Na kuma tuna ita ce ke ba mu tsofaffin tsummokara da auduga mu yi gemu lokacin tashe, mu bi gida-gida ana ba mu hatsi da kwabbai. Tashe da Halowin ba tushensu ɗaya ba, amma abin kunya, na fi sanin kayan wasan wasu fiye da waƙoƙin namu.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka shafa fenti ko ka la'anci wanda ya shafa, ka san abin da kake magana a kai. Ƙawar tawa dai ba ta goge bidiyonta ba. Amma bana ta turo min saƙo tana tambaya: "Wai yaya ma ake furta Sawin ɗin nan?"