Sassabin zamani: kada a ƙone kututture

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Madarumfa, lokacin sassabe ya yi.

Da can in mun shiga gona sai mu sare komi, mu sa wuta. Iska ta taso, rairayi ya binne shuka, a sake neman iri. Bayan yunwar 1984 manoman jihar Maraɗi suka kama wata dubara. Kututturen sabara, ko kalgo, ko gawo, saiwarsa tana da rai. In ya yi toho, zaɓi rassa uku ko biyar masu ƙarfi ka bar su. Sauran ka yanke, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Ba ban ruwa, ba kuɗi. Abin da ka yanke, uwargida ta sami na girki, ba sai ta nufi dajin Babban Rafi ba.

Ni gawo na fi so. Da damina yakan zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani shanu su ci ƴaƴansa, su bar taki.

Wahalar ita ce ka yi renon icce shekara uku, wani ya sare da dare. Wannan sai gari ya zauna gaban maigari, tare da Fulani, a sa doka: mai kiwo ya ɗebi reshe, kada ya datse kan icce.