Labarun Fada da Matan da Suka Yi wa Sarauniyoyi Hidima

An shirya wannan takarda ne domin uwayen ƙasa da hakimai da malamansu masu riƙe da alƙalami, musamman na Lambara da sauran garuruwan da ke ƙasashen Boɗinga da Shagari. Abin da ya jawo ta shi ne yawaitar ƙagaggun labarai a kan fadojin zamanin da, waɗanda a ke bugawa a littafi, ko a karanta a gidajen rediyo, ko a mai da su fim. Yara da matan aure suna jin su, suna kuwa ɗaukarsu tamkar tarihi. Tun da ya ke a ƙofar uban ƙasa a kan zo neman labarin gari, ya kamata shi da malaminsa su san yadda irin waɗannan labarai su ke, da abin da su kan tsallake.

Mene ne ƙagaggen labari na tarihi?

Shi dai ba tatsuniya ba ne, ba kuma tarihi ba ne tsantsa. Marubuci ya kan ɗauki abin da ya faru da gaske ya kafa shi kamar dirkoki, sa'an nan ya kawo yaɓe da jinka daga kansa, watau ya ƙago mutane da maganganu waɗanda ba wanda ya ji su. Nufinsa mai karatu ya ji kamar yana wurin, ya kuma ɗauki darasi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa. A gasar rubutu da Ofishin Fassara na Zariya ya sa a shekarar 1933, a ƙarƙashin Rupert East, biyu daga cikin littattafan da suka fito irin wannan ne. Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ya jingina shi ga yaƙin Kwantagora da Turawa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, inda ya nuna makircin fadawa da azabar fataucin bayi ta hanyar Hamada. Wanda ya karanta Shaihu Umar ba ya manta uwar yaron nan, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane.

To, a zamanin nan hankalin marubuta ya fi karkata wajen sarauniyoyi, kuma a nan ne a ke bukatar lura.

Abin da magabata suka rubuta game da Amina ta Zazzau kaɗan ne ƙwarai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, lokacin da Shehu ke zaune a Sifawa. Ya faɗi yaƙe-yaƙenta, ya ce ta rasu a Atagara. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Waɗansu masana kuma sun kai ta ƙarni na 16, suka ce 'yar Bakwa Turunku ce. Kusan iyakar abin da ke hannu ke nan, sai ganuwowin da a ke kira da sunanta. An ƙidaya babanni, an ƙidaya goro, amma ba a faɗi sunan mace ko ɗaya daga cikin waɗanda suka yi rainonta, ko suka riƙe mata gida tana wurin yaƙi ba. Sabo da haka duk wata aminiya ko kuyanga da aka gani tare da ita a wasan kwaikwayo, ko a fim ɗin Amina da ya fito a 2021, marubuci ne ya haife ta.

Haka abin ya ke a labarin Daura. Kowane ɗan makaranta ya san Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu. Amma baiwar da Daurama ta ba Bayajida, wadda ta haifi Karɓagari, ba a riƙe sunanta ba. Da ƙabilarta a ke kiranta, a ce Bagwariya. A arewa da mu kuma, a ƙasar Arewa ta Nijar, akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Sunanta ya kai ko'ina, amma wadda duniya ta sani ita ce ta cikin littafi.

Su wane ne matan fada?

Gidan sarauta gida biyu ne a haɗe. Akwai na waje, inda fadawa da dogarai da malamai su ke, akwai kuma cikin gida, inda baligi ba ya shiga. Mai haɗa su ita ce jakadiya. Ita ke kai saƙon sarki ga matansa, ta kawo nasu, ta shigar da baƙi mata, ta yi gaba in za a kai kayan aure ko gaisuwar rasuwa wani gidan sarauta. Ba ta cikin kulle, sabo da haka kunnenta ya kan ji abin da waziri bai ji ba. Akwai uwar soro, babba a cikin ƙwaraƙwarai, wadda ke tsare da tsarin cikin gida. Akwai kuyangi masu daka da girki da raino, da zabiyoyi masu waƙa da guɗa ran biki.

Kada a ɗauka aikin nan ƙarami ne. Wata Ba'amurkiya mai suna Heidi Nast ta yi bincike a Gidan Rumfa na Kano, ta buga littafinta a 2005, ta nuna cewa ƙwaraƙwaran sarki su ne a da ke kula da hatsin da a ke kawowa fada daga ƙauyuka, suna kuma da hannu a rinin shuni a cikin gidan. Wanda duk ya taɓa riƙe littafin haraji ya san mai lissafin rumbu ba ɗan kallo ba ne a sha'anin mulki.

Ban da waɗannan akwai mata masu sarauta ta kansu, kamar Magajiya da Iya a Daura, da Iya a Maraɗi, da Inna a Gobir. Inna 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar mata da 'yan bori, tana da nata gida da nata mabiya, ta kan kuma sa malafa irin ta maza. A riƙe zancen malafar nan, za mu komo kanta.

Abin da ke ƙofar gidanmu

Marubucin da ke neman labari mai ƙarfafa zuciya ba ya bukatar zuwa nesa in ya zo ƙasar nan. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa bayan cin Alƙalawa, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. 'Yar Shehu kuwa, Nana Asma'u, wadda aka haifa wajen 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta bar mana misalin da ya fi kowane kusa da abin da mu ke magana a kai.

Sai dai a yi hattara da kalma. Nana ba sarauniya ba ce, ba a naɗa ta sarautar kome ba, ba za ta kuwa so a jera ta da masu tambari ba. Malama ce, 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Lema. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma ta wajen girma da jin magana a tsakanin mata, babu wata mai sarauta a zamaninta da ta kai ta.

Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su sami karatu ba, da yawansu kamammu ne daga Gobir da sauran wurare, sun saba da bori, in ciwo ya zo can su ke nufa. Matar aure mai ƙananan 'ya'ya ba ta da halin barin ɗakinta ta tafi neman ilmi. Dabarar da Nana ta yi ita ce ta zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga gari, ta naɗa ta jaji, watau da sunan da a ke kiran jagoran ayari. Ta kan ba ta malafa, a ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Ga malafar Inna ta komo, amma yanzu a kan mai koyar da alwala da salla. Mata suka ga alamar da suka saba girmamawa, suka bi ta zuwa wani wuri dabam. Wannan hikima ce da ta isa mai mulki ya tsaya ya yi nazarinta.

Jaji ta kan tara tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, su kamo hanya a ƙasa zuwa wurin Nana, suna ɗauke da sadakar matan da suka rage a gida, kamar hatsi da zuma da man shanu da zane. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Nana ta kan biya musu waƙoƙin da ta tsara domin a haddace, irin wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, da masu bayanin tauhidi da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In sun riƙe sai su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna biya wa matan aure. Sadakar kuma a raba wa mabukata. Bayan karatu 'Yan Taru su kan yi wa mata wankan gawa, su duba marasa lafiya, su share masallaci, su sasanta tsakanin mata. Da Nana ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, bayanta kuma sai Ta Modi.

Abin da ya bambanta wannan da labarin Amina shi ne, a nan uwar ɗakin da kanta ta rubuta sunayen mutanenta. A cikin waƙoƙin alhinin da Nana ta yi akwai wadda ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, akwai kuma wadda ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ba mai muƙami ba, ta yabe ta da kyawun hali da kyautata zumunci. Alƙalamin da ya yi makokin Sarkin Musulmi Bello shi ne ya yi nasu. Takardun nan sun tsira a gidan Waziri, kuma Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe wa Jean Boyd su, har ta rubuta tarihin Nana a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Ita Jean Boyd ɗin ce ta haɗu da Alhaji Shehu Shagari suka wallafa ɗan littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978.

Inda ya kamata a taka a hankali

Marubutan labarun fada su kan yi wa kuyanga ado, su nuna ta tana murna da hidimar uwargijiyarta tun daga farko har ƙarshe. Gaskiya ita ce, kuyangi da ƙwaraƙwarai bayi ne. Waɗansu kamo su aka yi a yaƙi, waɗansu saye, waɗansu kyauta aka bayar da su kamar yadda a ke ba da doki. Akwai waɗanda suka haifi sarakuna suka sami girman da 'ya'ya ba su samu ba, akwai kuma da yawa da suka tsufa a bakin turmi ba su ƙara ganin garinsu ba. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayanta, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Labarin da ya ɓoye wannan ya rage wa matan nan haƙƙinsu, domin ƙoƙarinsu ba ya bayyana sai an san irin ƙuncin da suka yi shi a ciki. Jaji kuwa 'ya ce, da ƙafarta ta zo, kada a haɗa ta da su a yi musu kuɗin goro.

Ga kuma wani gefen. Jikokin matan nan suna nan da rai a garuruwanmu, waɗansu ma manyan mutane ne. Magana ɗaya ta asali in ta fita daga littafin ofis tana iya ɓata aure ko ta ta da husumar da uban ƙasa zai shekara yana kashewa. Sabo da haka in za a rubuta sunan wata, sai da yardar zuriyarta, kuma abin da aka faɗa bisa amana ya tsaya a amana.

Aikin da a ke so malamai su yi

A kowane gari a bincika ko akwai gidan da a ke cewa kakarsu jaji ce, ko jakadiya, ko zabiyar gidan sarauta. Irin wannan labari ba a samunsa a zaure, yana cikin gida wurin tsofaffi, don haka malami ya nemi mace mai karatu, matarsa ko 'yarsa ko malamar makaranta, ta shiga ta zauna da su. Kada a yi gaggawa, kada kuma a gyara wa tsohuwa magana. A rubuta da bakinta, in ta yarda a ɗauki muryarta a waya. Haka Mary Smith ta yi da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ga shi har yau masana na ɗiba daga cikinsa. Da an jinkirta shekara biyu da ba a sami kome ba.

A saman kowace takarda a sa sunan gari da kwanan wata, a kuma rarrabe abu uku: abin da tsohuwar ta gani da idonta, da abin da ta ji daga uwarta ko kakarta, da abin da ta ji a rediyo ko ta gani a fim. Na ukun nan yana shiga cikin na biyu ba da sanin mai magana ba, sai an tambaye ta a hankali daga wa ta ji. In ta rera waƙar Nana, a rubuta yadda ta rera ko da ya saɓa da na littafi, a kuma tambaye ta wa ya biya mata. In an ga tsohuwar malafa ko takardar ajami, a bar wa masu ita kayansu, a ɗauki hoto kawai.

In marubuci ko mai shirya fim ya zo neman labari, a karɓe shi hannu biyu, a nuna masa abin da masu shi suka yarda a nuna. Abu ɗaya za a roƙe shi, ya faɗa a farkon littafinsa wane suna ne na gaske, wane ne kuma ya ƙaga. Takardun asali su zauna a ofishin uban ƙasa cikin akwati mai murfi sabo da gara, kwafi kuma a aika Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.