Ƙarfin Inji da Daɗin Tuƙi Tsakanin Kwaltar Tambuwal da Yashin Kebbe

Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, tana cikin hanyoyin da ke ruɗar ƙafar direba. Ƙasar a shimfiɗe take, kwana ba ta da yawa, a wurare da dama mutum yana hango kwalta a miƙe har inda ido ya gaza. Saurayin da ya samu mota mai fulogi shida, ko ta gidansu ko ta aro, da wuya ya wuce nan bai ji sha'awar taka totur ya ga iyakarta ba. Amma da zarar an saki babbar hanya an gangara ƙauyukan Kebbe, wajen Kuchi da gonakin fadama, sai zance ya canza. Can yashi ne da burji da kwazazzabo, idan damina ta zauna kuma ga laka. Motar da ta gama kuri a kan kwalta sai a same ta ta kafe, cikinta na gugar ƙasa, wata tsohuwar a-kori-kura ta zo ta wuce ta da lodin buhuna.

Wannan bambanci shi ne tushen musun da ba ya ƙarewa a tashoshin mota da garejin kanikawa: wace mota ce mai ƙarfi, kuma me ke sa mutum ya ji daɗin tuƙa ta?

Ma'aunin da kowa ya fi ji shi ne ƙarfin doki. James Watt, injiniyan nan ɗan Sikotilan, shi ya fito da shi a ƙarni na 18 don ya nuna wa masu ma'adinai da masana'antu dawaki nawa injinsa mai tururi zai maye gurbinsu. A lissafin yau doki ɗaya ya kai wat 746 ko kusa da haka. Kamfanonin ƙera motocin tsere sun mai da wannan lamba abin tinƙaho. A 2005 kamfanin Bugatti ya fitar da Veyron mai silinda 16 da doki 1,001, tana kaiwa kilomita 407 a awa, a 2019 kuma wata Chiron ta kamfanin ta haura kilomita 490 a filin gwaji na Jamus. Sai dai akwai abin da waɗannan lambobi ke ɓoyewa. Iskar da mota ke ketawa ba ta yi mata rangwame: idan ana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake buƙata don keta iskar kaɗai sai ya ninku sau takwas. Golf GTI ta farko, wadda ta fito a 1976, da doki 110 take kaiwa kimanin kilomita 180 a awa. Veyron ta ninka ta sau tara a ƙarfi, amma a gudu kaɗan ta ɗara ninki biyu. Galibin dawakin nan sai an wuce gudun da babu wata hanya a Nijeriya da ta halatta shi sannan suke fara aiki.

Abin da direba yake ji a jikinsa kullum wani ma'auni ne daban, wato ƙarfin da inji ke murɗa taya da shi, wanda ake aunawa da Niyutan-mita. Shi direbobi ke nufi idan suka ce mota tana da ja, ko tana amsa totur. Ƙarfin doki ba wani abu ba ne illa wannan ƙarfin murɗa idan an ninka shi da saurin juyawar inji, saboda haka inji biyu suna iya zama doki ɗaya amma halinsu ya sha bamban. Wani sai ya yi kuka ya kai juyi dubu shida a minti kafin ya nuna abin da yake da shi. Wani tun daga ƙasa yake bayarwa. Hilux ta zamanin nan mai injin dizal lita 2.8 doki 204 take da shi, wanda motocin gida da yawa sun kai haka, amma tana iya ba da Niyutan-mita har 500 tun inji yana juyi 1,600 a minti. Wannan ne yake fitar da ita daga yashi ba tare da direba ya ƙona kulochi ba, shi ne kuma dalilin da ya sa mai gona a Kebbe ba zai musanya ta da wata doguwar mota mai sheƙi ba ko da an yi masa ciko.

Sai nauyi, wanda masu sayen mota ba su cika tambaya ba. Waccan GTI ta 1976 kilo 810 ce kacal, kowane doki na jan abin da bai kai kilo takwas ba, shi ya sa ta yi suna da zafin nama duk da ƙaramin injinta. Jikanyarta Golf 3, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997 ta kuma shigo mana ta Kwatano ta cika tashoshin Arewa, mai injin lita 1.8 doki 90 gare ta, nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya. Ita kaɗai da direba, kowane doki na jan kilo 12 ko kusa da haka, kuma tana da daɗin hannu ƙwarai. A loda mata fasinja shida da buhunan albasa a but, nauyin ya ƙaru da rabin tan, kowane doki ya koma jan kusan kilo 18. Inji ɗaya ne, amma motar ta zama wata. Direban da ya saba ƙetare tirela cikin daƙiƙa kaɗan idan yana shi kaɗai, in ya manta da wannan lissafi ranar da ya yi lodi, sai ya tsinci kansa a hannun da ba nasa ba, wata motar kuma tana tahowa.

Babu motar da ta koyar da wannan darasi a Afirka kamar Fijo 504. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin ta a can shekaru da dama bayan an daina a Faransa. Injinta na lita biyu bai kai doki 100 ba. Amma a wannan shekara ta 1975, a gasar Safari ta Kenya, tseren da ya haura kilomita 5,000 cikin ƙura da laka da duwatsu, Ove Andersson ɗan Suwidin ya zo na ɗaya da 504. Na biyu da na uku duk Lancia Stratos ne, motar da aka ƙera musamman don tsere aka sa mata injin Ferrari, kuma ta fi Fijon ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar da wata 504 mai silinda shida, Porsche tana bayansa. Fijo ta kuma ci gasar Bandama ta Kwaddibuwa da ta Maroko a waɗannan shekaru. Abin da ya ba ta nasara shi ne ƙafafunta: sifirin da shokozoba masu dogon zango da ke haɗiye rami, cikin da ya ɗaga daga ƙasa, da ƙirar da ba ta saurin karaya. Tsofaffin direbobin da suka yi jigila da ita tsakanin Sakkwato da Yawuri da Kwantagora har yau in sun tashi yabonta, zamanta a kan hanya suke fara ambata kafin gudunta. Mutum yana cikin gargada amma sitiyari bai ƙwace masa ba, yana jin inda kowace taya ta taka.

A nan daɗin tuƙi yake ga wanda ya san shi. Mahayin kirki ba ya yabon doki don sukuwa kaɗai, yana yabonsa ne don yana jin linzami, a ja shi ya tsaya, a karkata shi ya karkata. Haka mota take. A sa giya ta shiga ba gardama, a taɓa totur ta amsa nan take, a shiga kwana ta bi inda aka nuna mata, a taka birki ta tsaya a miƙe. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da doki kusan 115 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, ita ce ƙaramar motar nishaɗi mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, ta wuce miliyan ɗaya tun 2016. Masu sayenta sun san akwai ɗaruruwan motoci da suka fi ta gudu.

Yanayin ƙasar nan ma yana karɓar nasa kason. Inji iska yake shaƙa ya haɗa da mai ya ƙona, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, iskar da ke shiga inji ta ragu da kimanin kashi 7 cikin 100 idan aka gwada da ranar da zafi yake digiri 20, ƙarfin injin da ba shi da turbo kuma yana raguwa kusan haka. A ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da lagireton da aka cika da ruwan rijiya har ya yi tsatsa, da man bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Dokin da aka rubuta a takardar mota a Jamus ba duka ne ke isowa Tambuwal ba. Bakaniken da ya wanke matata, ya canza fulogi, ya sa baƙin mai na ƙwarai, sau da yawa ya fi dawo wa mota da kuzarinta a kan wanda ya huda salansa don ta riƙa ƙara.

Abin sha'awa shi ne wannan yanki yana da nasa a cikin manyan masu zana motoci na duniya. Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu Dogondaji ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, an haife shi a Kaduna a 1966, ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi. A 1990 ya tafi Ditiroyit ta Amurka ya koyi zanen motoci, ya gama a 1994 ya kama aiki da General Motors. Yana cikin waɗanda suka jagoranci zana jikin Pontiac G6, kuma zanensa ne aka zaɓa don samfurin farko na Chevrolet Volt da aka nuna a baje kolin motoci na Ditiroyit a watan Janairun 2007. Volt ba motar tsere ba ce. Wadda aka fara sayarwa a ƙarshen 2010 doki 149 take da shi, tana tafiyar kilomita 50 da ɗoriya da batir kafin ƙaramin injin fetur ya tashi ya taimaka. Amma tana da Niyutan-mita 370, kuma da yake injin lantarki ne ke juya tayoyinta, duk wannan ƙarfi yana nan tun daga tsaye, ba sai an jira inji ya ɗau wuta ba.

A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ya riƙe ta har 2023. A zamaninsa, cikin watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, aka farfaɗo da gangamin motoci na bikin, aka taso daga Abuja har Argungu da motocin da aka harhaɗa a Nijeriya.

Irin wannan taro ya kamata a riƙe shi da hannu biyu, domin sha'awar gudu tana nan a zukatan matasa ko an so ko an ƙi, kuma inda take fita a yanzu ba wuri ne mai kyau ba. Tana fita a wasan mota ranar ɗaurin aure, ana juya mota cikin ƙura yara na tsaye a gefe. Tana fita a kan babbar hanya, inda dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tsayar wa motar gida kilomita 80 a awa, 100 a kan tagwayen hanya, 50 a cikin gari. Mai gudun 120 yana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa, kafin ƙafarsa ta bar totur ta isa birki ya riga ya yi tafiya mai nisa, kuma idan gudu ya ninku sau biyu tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Hanyar Tambuwal kuwa ba ta mota ce kaɗai ba. Akwai garken shanu mai ƙetarewa, da amalanke, da 'yan kabu-kabu, da kasuwannin da ke malalowa har bakin kwalta ranar da suke ci. Ga taya 'yar gwanjo da ta gama shekarunta a Turai kafin ta zo ta hau kwalta mai zafi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, da harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka, amma masu dubawa kaɗan ne. A ƙasashen da tseren mota ya kafu, rufe hanya ake yi, a sa hular kwano da bel, a ƙarfafa cikin motar da bututun ƙarfe, a ajiye motar asibiti, a nisanta 'yan kallo. Sakkwato da Kebbi ba su rasa fili ba, kuma gasar da za a auna gwanintar direba a kan yashi da burji, da agogo da alƙalai, za ta fi dacewa da ƙasar da irin motocin da mutane ke da su.

Motar lantarki ma ta fara leƙowa. A watan Afrilun 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, bayan an fara harhaɗa Hyundai Kona mai batir a Legas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai fulogi shida ya koma lissafin lita kafin ya tayar da mota, rana kuwa ba a saye. Sai dai daga jami'ar zuwa Tambuwal tafiyar kusan kilomita 100 ce, Kebbe ta fi haka, batir ba ya son zafi mai tsanani, kuma kanikawan da suka ƙware a kan kafireto da fulogi suna buƙatar sabon horo da kayan aiki kafin su taɓa wayar da ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt ɗari uku zuwa huɗu.